Kakata Ba Ta Yi Lakwal Ba, Amma Kada A Kira Ta Jahila

Akwai magana biyu da kunnena ya gaji da ji a cikin shekarun da na yi ina riƙe da alli. Ta farko daga bakin yara take fitowa. A ba ɗalibi aiki a ce ya je gida ya tambayo manya, washegari ya dawo hannu rabbana, ya ce: "Madam, ba kowa gidanmu sai kakata, ita kuwa ba ta san komi ba." Ta biyu daga bakin iyaye take fitowa, galibi ranar da suka zo cire yarinya daga aji don a yi mata aure: "Kakarta ma ba ta yi lakwal ba, me ya same ta? Ba ta yi aure ta haihu ta tsufa da mutuncinta ba?"

Yaron ya mayar da kaka alamar jahilci. Uban ya mayar da ita sandar korar ɗiyarsa daga karatu. A ganina dukansu biyu sun zalunci tsohuwar nan, kuma mu malamai da iyaye muna da hannu a cikin zaluncin, tunda a gabanmu ake faɗa muna yin shiru. Hujjata ita ce rayuwar tawa kakar, mahaifiyar babana, wadda muke kira Inna. Allah ya jiƙanta, ya sa kabarinta ya zama dausayin aljanna.

An haifi Inna a wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi. Ba ta da takardar haihuwa, sai dai tana da nata lissafin shekaru. Takan ce tana ƴar talla lokacin da labari ya iso cewa ruwa ya ci tsohon garin Maradi, wato 1945 ke nan. Takan ce tana goyon babana aka yi bikin samun mulkin kai, wato 1960. An kai ta ɗakin miji ba ta cika shekara goma sha biyar ba. Ta haihu goma sha ɗaya, shida suka rayu.

In da za a cika mata irin takardar da muke cikawa ranar ɗaukar sababbin ɗalibai, a gurbin sana'a kalma ɗaya za a rubuta da Faransanci, wadda yara ke fassarawa da "ba ta aikin komi". To ga aikin wadda ba ta aikin komi. Kafin ladan ya kira asuba ta tashi. Bayan salla sai sussuka, sai sheƙa, sai surfe, sai daka, don lokacin injin niƙa bai iso ƙauyen ba. Sai rijiya, wadda igiyar gugarta ta fi gaba ashirin. Da damina ta kai hura gona, ta kama hauya a gandu tare da maza, ranakun da aka ware wa mata kuma ta wuce gamanarta, inda take shuka gyaɗa da wake da ɗan yakuwa a gefe. Da rani ta soya gyaɗa, ta daka, ta matse mai, ta toya ƙuli-ƙuli, ta ɗora ƙwarya a ka ta nufi kasuwa a ƙasa. A bayan ɗakinta akwai turken jajayen awaki, irin na Maradi da fatarsu ta yi suna har ƙasashen waje. Awakin nan su ne bankinta. Daga cikinsu ake biyan wanzami da ungozoma, daga cikinsu ake sayen tasa da kwanon ɗiya mace.

Ni malamar lissafi ce a ajina kamar kowace malamar firamare, kuma na san wahalar da yara ke sha kafin su gane cewa dala ashirin ita ce 100, dala ɗari ita ce 500, jaka ɗaya kuwa dala ɗari biyu. Inna tana yin wannan juyi a ka, tana magana da mai saye tana korar kaji. Ta san tiya arba'in ke cika buhun hatsi. Ta san tiya nawa ta gyaɗa ke ba da kwalbar mai, da abin da zai rage in an fidda kuɗin itace da gishiri. In ɗan kasuwa ya zo da naira daga Jibiya, ta san canjin ranar kafin ya buɗe baki. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, ba ta ji bayanin masana a rediyo ba, amma sati bai zagayo ba ta gyara kuɗin kwalbarta, don ta ga yadda sabulu da atamfa suka tashi. Bashin da take bin mata fiye da ashirin kuwa a kanta yake, ba a taɓa jin ta rikice ba. Wanda ke iya wannan, in ya zauna a ajina, shi zan ba allo ya nuna wa sauran.

Iliminta mafi tsada ya fito a shekarar 1984. Ina ƙarama ƙwarai lokacin, abin da na sani daga bakin babana da gwaggonnina na ji shi. Damina ta ƙi, hatsi ya bushe a tsaye, ga Najeriya ta rufe iyaka, shi ya sa har yau mutanen yankinmu ke kiran yunwar nan ƴar Buhari. Maza suka watse neman abinci. Inna ce ta riƙe gida. Ta san inda anza take a daji, ta san kwana nawa ake jiƙa ƴaƴanta ana sake ruwa kafin ɗacin ya fita a iya dafawa. Ta san ganyen jiga da tafasa, da yadda ake haɗa su da ɗan ƙuli-ƙuli yaro ya ci ya yi barci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tulun da ta liƙe bakinsa da laka ta binne a ƙuryar ɗaki. Irin shuka ne a ciki, zangarniyoyin da ta zaɓa da hannunta tun kakar da ta wuce. Yara na kuka, ta ƙi fasa tulun. Aka ce mata mai taurin zuciya. Da ruwan shuka ya sauka, gidaje da yawa ba su da ƙwaya ɗaya ta zubawa a rami, ita ce ta auna wa maƙwabta da ƙoƙo. Wannan darasi ne na tattali da hangen gobe da ban taɓa samun kamarsa a cikin wani littafi ba.

Haka take da itatuwa. Ba mai sa gatari a jikin gawon da ke gamanarta. Takan ce gawo yana da kunya, yana zubar da ganyensa da damina don ya bar wa hatsi rana, da rani kuma ya ba awaki ƴaƴansa. A cikin shekarun 1980 ne wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman jihar Maradi kan barin kututture ya toho a gona, abin da ake kira sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma yanzu ana koyar da ita a ƙasashe da yawa. Ta kama ne domin ta tarar da mutane irin Inna da suka riga suka san darajar gawo. Haka ma tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991, wanda ya bazu cikin duniya: a kan adashin kakanninmu aka gina shi. Baƙi suna zuwa daga nesa su koyi abin da ke hannun tsofaffinmu, jikokinsu kuwa suna zaune a bencin lakwal suna cewa ba su san komi ba.

Ta fannin addini, Inna ba malama ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita malama ce ba. Fatiha da ƴan gajerun surori ta haddace, da ka ta ɗauke su. Amma ban taɓa ganin rana ta fito mata ba ta yi asuba ba, ko da sanyin hunturu. In an yi girbi, ita ke tsayawa kan kakana har sai an fidda dami ɗaya cikin goma kafin a zuba sauran a rumbu. Akwai akushi guda da ba a taɓawa a gidan, na almajiri ne da baƙon dare. Ta yi shekaru tana ƙulla kuɗi a bakin zane da niyyar zuwa Makka. A yunwar 2005, da tiyar hatsi ta gagari talaka, ta kwance ƙullin ta sayi abinci ta raba wa gidajen ƴaƴanta da na kishiyarta da ta rasu. Da aka yi mata jaje sai ta ce wanda take son zuwa ɗakinsa yana ganin abin da ta yi da guzurin. Ba ta je Makka ba har ta koma ga Mahaliccinta. Mu da muke koyar da tarbiyya da ɗabi'a a kan allo, sai mu tambayi kanmu ko akwai darasin da ya kai wannan shiga zuciyar yaro.

Wannan ita ce amsata ga ɗalibin da ke raina kakarsa. Yanzu bari in juyo ga uban da ke fakewa da ita.

Malam, ka ce kakarta ba ta yi lakwal ba kuma ba abin da ya same ta. Ka tambaye ta kuwa? Ni na tambayi tawa, ta kuma faɗa mini. Biyar daga cikin ƴaƴanta a ƙasa suke, ƙyanda da zazzaɓi da gudawa suka ɗauke su tun ba su yi wayo ba, cututtukan da yau allurar rigakafi da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari ke karewa. Haihuwar fari kwana uku ta yi tana naƙuda, don jikinta bai gama ƙosawa ba. Ɗaya daga cikin baffannina ya tafi ci-rani Ikko, yakan aiko da wasiƙa. Takan ɗauki takardar ta bi gari tana neman ɗan lakwal da zai karanta mata, kafin magariba duk ƙauye ya san nawa aka aiko mata da abin da ɗanta ke ciki. Ta ce mini ba abin da ya fi wannan ci mata rai: sirrinta a hannunta, amma sai wani ya buɗe mata shi. In muna karatun allo da dare, takan zauna bayan zana tana sauraro, ta ce da ma ita ce ke iya bin baƙin nan da yatsa.

Shi ya sa da na ci jarrabawar shiga kwalej, aka taru a zaure ana cewa ɗiya mace ba ta zaman birni gidan wani, gara a ba da ni, Inna ce ta fito. Ni da ita wasan kishiyoyi muke yi, kamar kowace kaka da jikanya. Ranar ma da wasa ta fara, ta ce ita ba ta gaji da kishiyarta ba balle a kai ta wani gida. Daga nan ta daina dariya, ta ce wahalar da ta sha ba gado ba ce da za a raba wa jikoki. Ta sayar da akuyarta mai ciki, ta saya mini tabarma da fitila da kaye, ta kai ni da ƙafarta gidan wata ƙawarta a Tasawa. Duk ranar kasuwa sai ta zo da dunƙulen hura da ƙuli-ƙuli, ta zauna ta sa in karanta mata abin da aka koya mana, ko da ba ta jin Faransanci. Har na shiga makarantar horon malamai na fito, ba ta fasa tambayata ko an ba ni "kujerar gaba" ba.

Saboda haka duk wanda zai cire ɗiyarsa daga aji ya nemi wata hujjar, ya bar kaka ta huta. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa cikin ƴan mata huɗu a Nijar, kusan uku ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma jihohinmu na Maradi da Zinder suna cikin inda abin ya fi yawa. Tun a watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace har zuwa shekara 16. Doka tana takarda, amma a zaure ake yanke hukunci, kuma a zauren nan muryar tsohuwa tana da nauyin da muryar direktan lakwal ba ta da shi. In muka raina ta, mun rasa babbar mai taimakonmu.

Wani zai ce, Madam, ai ba duk abin da tsofaffi suka sani ne daidai ba. Gaskiya ne, ba na musu. Inna ta yi imani cewa dakashi, nonon farko, ba shi da kyau ga jariri, a matse a zubar. Ta yi imani da cire beli, da ba jinjiri ruwa da jiƙo tun ranar haihuwa. Likitoci sun nuna cewa dakashin nan shi ne rigakafin farko na yaro, kuma nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata shida. Amma ku lura da abu ɗaya. Da na haifi ɗana na fari, wata ungozomar gidan likita ta zaunar da Inna, ta gaishe ta da girmamawa, ta fara tambayarta yadda suke yi a da, sannan ta yi mata bayani. Daga ranar Inna ce ta zama mai gadin jaririn, ba mai kusantarsa da ludayi. Da tsawa aka yi mata aka ce tsohuwar banza mai camfi, da ta yi shiru, ta jira dare ya yi ta ba shi jiƙon. Wanda aka girmama saninsa yana karɓar gyara. Wanda aka kira jahili kuwa kunnensa toshewa yake yi.

To me za mu yi? Ina da shawara ga ƴan'uwana malamai, kuma ba ta bukatar ko dala daga ministan ilimi.

Mu fara da takardar rajista. In uwa ko kaka tana ƙuli-ƙuli, a rubuta mai ƙuli-ƙuli. In tana noma, a rubuta manomiya. In tana kiwo ko kitso ko saƙar faifai, a rubuta. Yaro yana tsaye yana jin abin da muke faɗa, daga nan yake koyon wane aiki ne aiki.

Sannan mu buɗe wa tsofaffi ƙofar aji. Kusan kowace lakwal tana da kwamitin iyaye da ƙungiyar iyaye mata. A nemi kaka ɗaya ko biyu a wata, ta zo ta yi rabin awa. Darasin tsirrai, ta zo da ganyen da ta sani ta faɗi sunansa da amfaninsa. Darasin awo, ta zo da tiya da ƙoƙo. Darasin tarihi, ta ba da labarin yunwar 1973 ko ta 1984 yadda ta gan ta. Na gwada wannan a ajina, kuma yaron da ya fi kowa surutu shi ne ya fi kowa natsuwa, don kakarsa ce ke zaune a kujerar madam. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder, kuma kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. In da gaske muke harshen nan zai zauna a aji, sai mu tambayi kanmu wa ya fi kowa riƙe da shi. Ɗalibaina na birni da yawa ba su san bambancin ƙaiƙayi da dusa ba, ba su san tsaki ba, ba su taɓa jin kalmar zangarniya ba. Ƙamus ɗin yana zaune a gida kan tabarma yana jan carbi.

Sai aikin gida. Maimakon kwafe shafi daga littafi, a ce kowane yaro ya zauna da tsohuwar gidansu ko ta maƙwabta, ya tambaye ta yadda aka yi aurenta, da sana'ar da ta ci da ƴaƴanta, da shekarar da ta fi mata wuya, ya rubuto shafi ɗaya da Hausa. A ɗinke takardun a ajiye a ofishin direkta. Bayan shekara goma lakwal ɗin tana da tarihin garinta, abin da ba wani mai bincike daga Yamai da zai iya tattaro mata.

Ku kuma iyaye, ina da magana da ku. A garuruwanmu da yawa maza sun tafi ci-rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, uwaye suna fafutukar kasuwa, kaka ce ke tashin yaro da safe, ita ke zuwa taron iyaye, ita ke rarrashi in an kore shi don rashin kaye. Mun ɗora mata reno a shekarun da ya kamata a rene ta. Aƙalla kada yaro ya ji kuna ce mata "ke ba ki gane zamani ba". Abin da kuka faɗa a tsakar gida shi yake maimaita mini a aji. Ku da ke birni, in hutu ya zo ku kai yara ƙauye su kwana ɗakinta, su ji tatsuniya daga bakin mai ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci uwa sau uku kafin uba da aka tambaye shi wanda ya fi cancantar a kyautata masa. To ina ga uwar uwa da uwar uba, wadda ta yi wahalar sau biyu?

Salular da ke hannunku tana ɗaukar murya. Wanda tasa kakar ke raye, ya je cikin satin nan ya zauna kusa da ita, ya tambaye ta, ya ɗauka ya adana, ya kuma tafi da jikanyarta ƴar lakwal ta karanta mata wani abu da ƙarfi. Tsofaffin da suka ga 1945 sun kusa ƙarewa, waɗanda suka riƙe gidaje a 1984 su ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace ta tafi da abin da ke kanta take tafiya.

Allah ya gafarta wa kakanninmu da suka riga mu, ya ba waɗanda ke raye lafiya da jikoki masu jin ƙansu, ya kuma ba ƴaƴanmu mata ilimin da kakanninsu suka yi marmari ba su samu ba. Amin.